IDON BABA DIREBA

Shafi na 17

Jama'a na ga ƙorafinku, har da baiwar Allahn da ta ce za ta biyo ni gida ta ƙwace wayar ta ƙarasa labarin da kanta. Ku yi haƙuri, mura ce ta kayar da ni. Ga waɗanda suka shigo mana yau: Auta malamar aji shida ce, ita aka ɗora wa shirya tafiyar yini guda zuwa babbar magangarar ruwan nan da ake bugawa a jikin kalanda. Direban motar makarantar kuwa mahaifinta ne. Jiya ya goge ƙofar makaranta da gefen mota, laifi ya faɗa kan Maigadi, aka dakatar da shi sati biyu. Mun tsaya inda Maigadi ya tare ta a bakin titi ya ce, "Malama, wallahi ƙofar nan a wangale take. Ki duba idon Baba."

*

Auta ta fi minti biyar tsaye a ƙofar gidansu ta kasa shiga. Fayil ɗin tafiyar na rungume a ƙirjinta, jan bangonsa har ya jiƙe da gumin hannunta. Wata guda cur tana haɗa abin da ke cikinsa: sunayen yara talatin da huɗu, takardun amincewar iyaye, jerin masu ciwon asma da masu amai a mota. Saura jibi a tafi.

Ta yi sallama a hankali.

Baba na zaune bisa tabarma a tsakiyar falo, ya baje sifanoninsa a kan tsohon tawul yana goge su ɗaya bayan ɗaya. Yana jin muryarta fuskarsa ta washe.

"A'a, shugabar tafiya da kanta! To mu ƙananan ma'aikata sai mu miƙe tsaye ko?"

Ta yi dariyar da ba ta wuce leɓe ba, ta durƙusa ta gaishe shi.

"Ina ƴar taki Gimbiya? Ba ki zo min da ita ba?"

"Tana gida, Baba. Tun shekaranjiya ta haɗa jakarta. Ko barci ba ta yi sai da jakar a gefenta."

"Ai ta gaya min. Wai kujerar da ke bayana tata ce, duk wanda ya zauna sai sun yi dambe." Ya yi dariya yana girgiza kai. "Jikar direba ke nan. To karanto min, in ji yadda kuka tsara."

Ta buɗe fayil ɗin. Ta fara karantawa. Tashi ƙarfe bakwai saura kwata. Isa ƙarfe goma da rabi. A sauka matakalu zuwa gindin ruwa a layi biyu, malami gaba malami baya. Cin abinci ƙarƙashin rumfa. Juyowa ƙarfe uku.

"Kin manta abu guda," in ji shi. "Gidan man nan na mararraba, dole a tsaya. Yaro ba ya awa uku bai ce fitsari ba. Daga nan kuwa babu wurin tsayawa sai an gama hawan dutse. Masu amai ki dawo da su gaba, ki raba musu leda tun daga makaranta. Kuma ki hana su cika ciki da lemo kafin hawa, in ba haka ba ke da tsintsiya za ku yini."

Ta rubuta. Komai ya faɗa daidai ne. Shekara talatin da ɗaya yana jan motar makarantar nan, ita kanta a cikinta ta girma. Ta dube shi sosai. Idanun nan dai su ne, farare tas, babu ja babu kumburi. Zuciyarta ta ce mata Maigadi haushin dakatarwa ne ya sa shi magana. Ta so ta yarda. Wallahi ta so.

Sai ta lura da hannunsa. Ya ajiye sifana, yana neman ta gaba. Tana nan dab da gwiwarsa ta dama, a fili. Bai kalle ta ya ɗauka ba. Lalube ya yi da yatsu a kan tawul ɗin har ya taɓo ta.

Auta ta rufe fayil ɗin.

"Baba, bari in sha ruwa."

"Je ki. Ummanki na kicin."

Ta miƙe ta nufi ƙofa, tana taka ƙafa da ƙarfi. Da ta kai bakin labule sai ta tsaya. Ta juyo a kan yatsun ƙafa, ta zagayo ta bayan kujera, ta durƙusa a gefensa na dama. Tsakaninsu bai kai tsawon hannu ba.

Baba ya ɗaga murya yana fuskantar ƙofa.

"Na canza birki gaba da baya! Taya ma na sa an duba duka har da safaya! Ki gaya wa Hedimasta ya kwantar da hankalinsa!"

Ta ɗaga hannunta daidai kuncinsa. Ta kaɗa.

Bai motsa ba.

Ta ɗaga jan fayil ɗin, ta kaɗa shi sama da ƙasa, kusa har iskarsa ta kusa taɓa gashin kunnensa.

"Kuma ki ce su zo da rigar sanyi! Feshin ruwan nan tun daga nesa yake jiƙa mutum!"

Labule ya motsa. Umma ce da tire a hannu, kofi biyu a kai. Ta ga Auta durƙushe da hannu a sama, ta ga hawayen da ke zuba a fuskarta. Ta jingina da bango kawai ta runtse ido.

"Auta! Wai kina jina kuwa?"

"Ina jinka, Baba."

Ya zabura har sifanar ta suɓuce ta daki siminti. Ya juyo da kansa gaba ɗaya, da kafaɗa da komai, kafin idonsa ya sauka a kanta.



"Yaushe kika dawo?"

"Ban fita ba."

"Wane irin wasa ne wannan? Ni sa'anki ne?"

"Baba, tun ɗazu nake ɗaga maka hannu."

"Hankalina na kan aiki."

"Baba..."

"Na ce hankalina na kan aiki!"

Umma ta ajiye tiren a ƙasa. Ta wuce ɗaki ba tare da ta kalli kowa ba. Aka ji ƙarar buɗe durowa.

"Ke! Kada ki soma," Baba ya faɗa da ƙarfi. "Na ce kada ki soma!"

Ta fito da wata baƙar leda ta ajiye a cinyar Auta.

"Na gaji, Malam," ta ce, muryarta a dushe. "Wata tara ina ɗauke da abin nan ni kaɗai. Kullum ka fita da safe sai in zauna a bakin gado ina jiran a kira ni. Na gaji."

Auta ta kwance ledar. Katin asibitin ido ne, da ƙananan kwalaben maganin ɗigawa guda huɗu, da wata takarda mai da'ira biyu. Da'irar dama baƙa ce ƙirin, sai ɗan ɗigon fari a tsakiya kamar ƙwayar gero. Ta hagu da ɗan dama, amma ita ma baƙin ya ci gefe da gefe.

"Mene ne wannan, Umma?"

"Hawan jinin ido. Likita ya ce farin nan shi ne abin da ya rage yana gani. Ya ce kamar mutum ne yana leƙe ta cikin bututu. Abin da ya tafi kuma ya tafi ke nan, maganin don a tsare sauran ne."

"Tuƙi fa?"

Umma ta kalli ƙasa.

"Umma, tuƙi fa? Me likitan ya ce?"

"Ya ce ko keke kada ya hau."

Auta ta ɗora hannu biyu a ka. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wata tara? Wata tara, Baba, kana ɗaukar ƴaƴan mutane safe da rana?"

"Na taɓa kashe wani?"

"Baba!"

"Tambayarki nake. A wata taran nan, ko kaza na taɓa takawa? Hanyar makaranta a tafin hannuna take. Na san kowane rami, na san inda mai kayan miya ke fito da teburinsa kan titi. Ina juya kaina, ina kallo, ina tafiya a hankali. Abin da ke gabana ina ganinsa ras."

"Ƙofar makaranta fa?"

Ya kawar da kai, ita kuma ta ci gaba.

"A wangale take, ko ba haka ba? Bawan Allahn nan yana can gida a zaune da takardar dakatarwa, kuma kana tsaye aka ba shi."

Baba ya sunkuyar da kai. Ya ɗauki tawul yana murzawa a hannu.

"Wannan tsakanina da shi ne. Zan je har gida in ba shi haƙuri."

"Yaushe?"

"Bayan an yi hutu."

Ya ja dogon numfashi, muryarsa ta sauko.

"Auta, saurare ni. Saura sati uku zangon nan ya ƙare. Na riga na yanke, Ummanki shaida ce. Ranar rufe makaranta zan shiga ofis da ƙafata, in ajiye makulli a kan tebur, in ce na gode, tsufa ya zo. A yi min addu'a in fito. Shi ke nan abin da nake nema a duniya. In sauka da kaina, ba a sauke ni ba."

"To ka sauka gobe, Baba. Ka kai makullin gobe."

"Ana jibi tafiya? Yaron goye ma zai tambayi dalili."

"To ka ce zazzaɓi ya kama ka. Ni zan nemo wani direban, ba wanda zai sani."

"Shekara talatin da ɗaya ban taɓa ƙaryar ciwo ba. Ranar da aka haife ki ma sai da na sauke yara na wuce asibiti. Kuma wa za ki nemo? Irin yaran nan da ke tuƙi da waya a kunne? Motar nan giya ta biyu tana fita da kanta in ba ka dafe ta ba. A gangaren dutsen nan baƙo zai gane haka? Kafin ya gane ya zubar da su."

"To in ce a ɗaga tafiyar."

"Da wace hujja? Ke kika yi wata guda kina bin iyaye suna sa hannu."

Duk ƙofar da ta taɓa sai ta ji ta a kulle. Ta matso a kan gwiwoyinta ta kama ƙafarsa.

"Baba, don Allah. Don girman Allah. Wannan ba hanyar makaranta ba ce. Dutse ne, ga rami a gefe."

"Sau goma sha tara ina hawa dutsen nan." Ya ɗaga yatsa, idonsa a kan bango kamar hanyar na shimfiɗe a can. "Daga ƙaramar gada, kwana ta farko hagu, mai faɗi ce. Ta biyu dama, akwai ƙaton dutse da aka yi wa farin fenti. Ta uku da ta huɗu a manne suke, a giya ta biyu ake shansu. Bayan ta shida akwai wurin da ruwa ke tsallake titi. Ta tara ita ce mugu, nan ake danna oda sau uku kafin a shiga. Goma sha ɗaya, sai fili, sai wurin ajiye motoci. Ki rufe min ido da ƙyalle in kai ki."

"Dutse ba ya motsi, Baba. Na yarda ka haddace shi. Saniya fa? Mai babur da zai ɓullo ta damarka fa?"

"Kunnena garau yake."

"Kai da bakinka ka sha gaya mana tun muna yara, daga tsakiyar hawan nan ƙarar ruwa ke cika kunne, ko odar babbar mota ba a ji sosai."



Umma ta share ido da gefen mayafi. "Gaya masa dai. Ni na yi kuka, na yi fushi, har makullin na taɓa ɓoyewa a cikin buhun shinkafa. Kwana uku bai ci abincina ba."

"Yaya ya sani?" Auta ta tambaya, tana nufin babban wansu da ke aiki a wani gari.

"Ya hana ni gaya wa kowa. Ya sa na rantse."

Baba ya janye ƙafarsa daga hannun Auta a hankali.

"Jikata na cikin motar nan," ya ce. "Ke ma kina ciki. Kina ganin zan ɗauki Gimbiya in jefa ta rami? Haka kika ɗauke ni?"

"Ban ce da gangan ba."

"To me kika ce?"

"Na ce ba ka gani, Baba!"

Maganar ta fita da ƙarfin da ba ta yi niyya ba. Ta toshe bakinta da hannu. Tunda take a duniya ba ta taɓa ɗaga masa murya ba.

Ya daɗe yana kallonta da wannan ɗan ganin da ya rage masa. Sai ta ga haɓarsa na rawa.

"Kin san abin da zai faru in maganar nan ta fita? Ba za a ce ga dattijon da ya yi shekara talatin da ɗaya bai kwarzani ɗan kowa ba. Cewa za a yi ga makahon da ya yi ta wasa da ran ƴaƴanmu. Waɗanda na ɗauka suna ƙanana, yau su ne iyayen, su za su tofa min yawu. Masallaci ma sai ya gagare ni. Ke kuma kina tsammanin za ki tsira? Wa zai yarda ƴata ta cikina, muna aiki wuri ɗaya, ba ta sani ba? Tare za a kore mu."

"A kore ni, Baba. Wallahi gara a kore ni."

"Ni fa? In dawo in zauna a kan tabarmar nan, ana nuna gidana da baki, ina jiran duhu ya gama rufe ni?" Ya buga ƙirjinsa. "Tafiya ɗaya ce, Auta. Ɗaya tak. Ban taɓa roƙonki komai ba. Ki zauna a kujerar gaba kusa da ni, ki zama idona na dama. In kin ga abu ki ce Baba dama, in taka birki. Mu je lafiya mu dawo lafiya, ba wanda ya ji ba wanda ya gani."

Auta ta kalli Umma. Umma ta kawar da kai.

Ta kalli fayil ɗin da ke yashe a ƙasa. Takardar sunaye ta zamo ta fito rabi. Ta san kowane suna da fuskarsa. Ta san wadda mahaifiyarta ta zo har aji ta riƙe hannunta ta ce, Malama ita ke nan gare ni, don ke ce na yarda. Ta san wanda bai taɓa fita daga unguwarsu ba, kullum sai ya tambaye ta wai da gaske ruwan ya fi bene tsawo.

"Ba zan iya ba," ta ce a hankali. "Baba, ka yafe min, ba zan iya ba. In ba ka faɗa ba, ni zan..."

"Za ki me?"



Ya dafa gwiwa ya miƙe tsaye. Ya gyara hularsa. Da ya yi magana, babu faɗa a muryarsa ko kaɗan, kuma hakan ya fi tsorata ta.

"Ni na haife ki. Da sitiyarin nan na ciyar da ke, da shi na kai ki har kika zama malamar da ake tashi a gaishe ki. Ban hana ki ba, ga hanya nan. Amma ki ji da kyau. Duk ranar da kika buɗe baki kika tona min asiri, ki nemi wani uban. Ban yafe ba, duniya da lahira."

"Malam!" Umma ta yi ƙara. "Janye! Don Allah janye maganar nan, bakinka fa!"

"Na faɗa."

Auta ta ja da baya. Ta zauna daɓas a kan siminti. Kuka ma ya ƙi zuwa. Sati ɗaya da ya wuce babbar damuwarta ita ce ko kwalin ruwan sha takwas zai isa.

Gobe, ta ce a ranta. Akwai gobe. Zan kira Yaya ya taho. Zan je wurin likitan. Zan samu wani dattijo ya yi masa magana. Yini guda ba kaɗan ba ne.

Wayarta ta ɗauki ƙara a cikin jaka.

Su ukun suka kalli jakar. Kiran ya katse, aka sake kira. Auta ta ciro wayar.

"Waye?" in ji Baba.

"Hedimasta."

"Ɗauki. Ki sa yadda zan ji."

Ta danna. Muryar Hedimasta ta cika falon, cike da fara'a.

"Malama, kina kusa? Albishirinki. Yanzu masu kula da wurin suka kira ni, wai jibi ana sa ran ruwan sama mai ƙarfi a kan dutsen, za su rufe hanya. To na ce ba za mu karya wa yaran nan zuciya ba. Mun dawo da tafiyar gobe."

"Go... gobe, ranka ya daɗe?"

"Gobe da sassafe. An riga an tura wa iyaye saƙo, har sun fara amsawa. Kuma ƴan aji biyar guda goma da suka yi ta naci na ce a ƙara su, ai akwai wuri in an matsa."

Umma ta zame jikin bango ta zauna.

"Abu ɗaya ya rage," Hedimasta ya ci gaba, ana jin ƙarar takardu. "Takardar nan ta masu makaranta, wadda mai kula da tafiya ke tabbatar da lafiyar mota da ta direba. Yau ake so in tura kafin a tashi. Mota dai na san an duba. Direba kuwa wa ya fi ki sani?" Ya yi dariya. "Ki ce min eh kawai in cike da sunanki, gobe kya sa hannu. Baba lafiyarsa ƙalau ko?"

Auta ta ɗago kai.

Baba na tsaye a kanta. Ya juyo da fuskarsa gaba ɗaya ya saita ta, ba ya ko ƙiftawa.

"Malama? Hello? Biro na hannuna fa. In rubuta eh?"